Jinyar mazauna kan iyaka: a fara tantance wanda zai biya

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a wannan jarida mai farin jini don in yi tsokaci kan marasa lafiyan da asibiti mafi kusa da su yake cikin wata ƙasa. Mai naƙudar da jini ya ɓalle mata ba za ta jure doguwar tafiya zuwa asibitin ƙasarta ba, alhali ga wani a tsallaken iyaka.

Hukumomin ƙasashe maƙwabta kan rattaba hannu a yarjejeniyar jinyar irin waɗannan marasa lafiya, amma yawanci kuɗi ne ke rusa ta. Tilas tun farko a rubuta hukumar da mara lafiya yake wuyanta: ta inda yake zaune ce, ko ta inda ya yi rajistar asibiti? Sannan a jera ayyukan da za a saya, kamar karɓar haihuwa, tiyata da wankin ƙoda, kowanne da farashinsa, da kuɗin ƙasar da za a biya da shi, da wa'adin biya. Idan aka bar wannan a dunƙule, bashi ne zai taru, asibitin da ke karɓar baƙi ya koma neman kuɗi hannu kafin ya taɓa kowa.

Takardar tura mara lafiya ta zama iri ɗaya, cikin harsunan aiki na ƙasashen biyu. A riƙa rubuta magani da sunansa na asali, domin sunan kamfani yakan bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, mutum ya sha magani ɗaya sau biyu bai sani ba. Motar ɗaukar marasa lafiya kuma a ba ta izinin wucewa na dindindin, da sunayen direbobinta a hannun jami'an shige da fice. Bayan sallama, a mayar da bayanin jinya ga asibitin gida. Mai tarin fuka da ya katse maganinsa na wata 6 a tsakanin ƙasashe biyu yana iya kamuwa da nau'in da ba ya jin magani.

Abin mai yiwuwa ne. A 2014 aka buɗe asibitin Cerdanya a garin Puigcerdà na Sifaniya da ke kan iyaka da Faransa, don mazauna ɓangarorin biyu, yankin Kataloniya na ɗaukar kashi 60 na kuɗinsa, Faransa kashi 40. Duk da haka sun sha fama da rajistar jariran Faransawa da mayar da gawa gida. Don haka waɗannan biyun ma a sa su cikin yarjejeniya kafin a karɓi mara lafiya na farko.

Wassalam,
Wani ma'aikacin lafiya