Godiya ga Baba mai shagon littattafai na wajen Bata

Assalamu alaikum Baba, da kai da yaran shago duka, ina gaisuwa.

Na san ba ka Facebook amma yaron nan mai riƙe maka lissafi yana yi, ya ce zai karanta maka, shi ya sa na ce bari in rubuta a nan kowa ma ya gani. Shagon ko allon suna babu balle in rubuta, sai dai in ce wa masu nema su zo wajen Bata a Kano kafin a shiga kasuwar Sabon Gari su tambayi dattijon da ke sai da littattafan gwanjo yana kuma karɓar musaya.

Kafin azumi na gama littattafan Harry Potter, labarin yaron nan ɗan makarantar masu sihiri, guda 7 ɗin nan cif, na ƙarshen ma kwana 4 na yi masa, rabi da tocilan ɗin waya don ba wuta. Da na rufe shi wallahi ji na yi kamar gidan da 'yan biki suka watse, sai tabarmi da kwanuka. Na shiga intanet neman madadi, kowa sunaye iri ɗaya yake jero maka kuma kuɗin da dala, ina ni ina dala. Wani shago da ba zan faɗi sunansa ba suka liƙa min wani mai hoton dodo a bango, sai da na je gida na gane ashe na uku ne a jerin, ban san kowa a ciki ba ana ta kashe mutane ni ko a jikina.

Kai da na zo wajenka ba ka miƙo min komai ba tukuna, kujera ka turo min ka ce ɗana me ya riƙe ka a Harry Potter ɗin, makarantar ce ko abokan ko tsafe-tsafen? Ba wanda ya taɓa min wannan tambayar, ni kaina sai da na yi jim kafin na ce makarantar, yadda yaro ba kowan kowa ba zai shiga wuri a koya masa abin da zai iya halaka shi. Sai ka sa aka sauko da A Wizard of Earthsea na Ursula Le Guin, ka ce tun 1968 aka buga shi, kusan shekara 30 kafin nawa gwanin ya fito. Yaro ne makiyayin awaki aka kai shi makarantar masu sihiri a wani tsibiri, girman kai ya sa ya saki wata inuwa da ta dinga binsa, kuma a duniyarsu in ka san sunan abu na gaskiya to ka mallake shi. Bai kai kaurin ko ɗaya daga cikin waɗancan ba amma ya fi su sa ni yin shiru. Kuma tun kafin in biya ka nuna min shafi biyu da ruwa ya taɓa ka rage min kuɗi ban roƙa ba.

Amma abin da ya sa ni wannan dogon rubutun shi ne zuwana na biyu, ranar da na yi suɓutar baki na ce ai mu Hausawa ba mu da irin wannan, mu dai soyayya da kishiya. Dariyar da ka yi har yanzu ina jin kunyarta. Ka ce yaran yanzu kenan, ka tashi da kanka ka zaro wani siririn littafi takardarsa duk ta yi ja, Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, bugun Zariya a 1969. Jama'a a shekarar da Amurka ta sauke mutum a duniyar wata, a shekarar Bahaushe ya fitar da labarin yaro Kilba da wani baƙo daga sama mai suna Kolin Koliyo ya ɗauke shi zuwa sararin samaniya, da Hausa tsantsa, ni kuma ina nan da digirina ban taɓa jin ko sunansa ba. Kwafi ɗaya gare ka ka ce ba na sayarwa ba ne, amma ka ba ni aro ba jingina ba komai, lambar waya ma sai da na matsa aka rubuta. A daren na cinye shi, ƙanwata 'yar aji biyu a sakandare ita ma ta karanta tana ta tambayata wai da gaske tauraro yana da wutsiya.

Daga nan ka tuna min Ganɗoki na Bello Kagara, wanda mu a makaranta don jarabawa kawai muka haddace, ka ce in sake dubawa in ga mutumin da ya gama yaƙi da Turawa ya zarce ƙasar aljanu tun 1934, in wannan ba irin labarin da nake nema ba ne to mene ne. Gaskiyarka Baba, na sake dubawa.

Tsarin musayar nan naku ma Allah ya sa albarka, ka dawo da wanda ka gama ka ɗora ɗan ciko ka ɗauki wani, da ba don shi ba da albashina bai kai ni ko'ina ba. Ƙorafina ɗaya fankar shagon, don Allah a duba ta kafin zafin bazara ya dawo.

Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, ya kawo kasuwa mai albarka. Ranar Asabar in sha Allah zan dawo da na Dembo, na sa masa bango da leda, kuma a ajiye min na biyun Earthsea ɗin da ka ce yana cikin buhun da ba a kwance ba, kar wani ya riga ni.

Naka,
ɗanka mai zuwa da jakar goyo.