Wa za mu kira idan katafila ta tono tarihi?

Malam Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi magana a kan wata sana'a da ba na jin ana ambatonta idan ana yi wa yaranmu nasiha kan abin da za su karanta bayan sun ci jarrabawar bak ta kammala sakandare, wato aikin haƙo kayan tarihi da adana su.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani abu da na gani da idona a ranin bara, a wani ƙauye da ke kudu da Maradi, inda ƴan kwangila ke ɗibar jar ƙasa don aikin hanya. Katafila ta yaye gefen wani tudu da dattawan garin ke kira kufai, sai ga manyan tukwane a jere a kife, ga tsingaro mai zane, ga kashin maƙera baƙi ƙirin. Direban ya tsaya na ɗan lokaci, ya leƙa, ya ce ba a ba shi umarnin tsayawa ba. Kafin la'asar yara suna jifa da ɓaraguzan. Ni da na share shekaru ina koyar da tarihi, na tsaya riƙe da waya a hannu ban san wanda zan kira ba, kuma wannan ya fi komai ci mini rai.

Mai wannan sana'a, da yana wurin, ba tukunyar zai fara ɗauka ba. Zai auna zurfin da take, ya zana yadda take kwance, ya tsinci gawayin da ke kusa da ita don a gwada shekarunsa, domin tukunyar da aka cire daga mazauninta ba tare da an rubuta komai ba ta zama kurma. Haka Bube Gado na cibiyar binciken kimiyyar ɗan Adam (IRSH) da ke Yamai ya yi a Bura, cikin jihar Tilaberi, a 1983, har ya fito da mutum-mutumin mahayin dokin nan na yumɓu da duniya ta san Nijar da shi. Abin da ya biyo baya kuwa abin takaici ne, don masu haƙar sata sun yi wa yankin kaca-kaca, har sai da aka sa kayan Bura cikin jerin waɗanda aka gargaɗi ƴan kasuwar duniya kada su saya.

Iyaye za su ce, to, me yaro zai ci? Tambaya ce mai kyau, kuma na taɓa jin ta da zafi daga bakin mahaifin wani ɗalibina, wanda ya ce shi bai haifi mai tonon kabari ba. Amma aikin ya wuce koyarwa a jami'ar Abdu Mumuni ko zama a gidan tarihi na Bubu Hama da ke Yamai. Ƙasarmu tana da dokar kare kayan gado tun 1997, kuma masu ba da bashin manyan ayyuka irin Bankin Duniya suna gindaya sharaɗin a binciki wuri kafin a fasa ƙasa, a kuma dakata idan an ci karo da wani abu. Bututun mai daga Agadem zuwa gaɓar tekun Benin, madatsar ruwa ta Kandaji, layin dogo daga Kano zuwa nan Maradi, duk ayyuka ne da ke buƙatar irin wannan bincike, kuma kuɗi ake biyan mai yin sa. Tun da aka sa tsohon garin Agadas cikin kayan gadon duniya a 2013, gyaran ginin ƙasa ma ya zama aikin da ake neman gwaninsa. Idan ba mu horar da namu ba, daga waje za a kawo wanda bai san bambancin kufai da juji ba sai an yi masa tafinta.

Jihar Maradi ba ta rasa abin bincike ba. Akwai Birnin Lalle ta wajen Dakoro, inda Gobirawa suka zauna kafin su gangaro kudu. Akwai mazaunin tsohuwar Maradi a cikin fadama, wanda aka bari bayan ambaliyar 1945, yanzu ana noma a kansa.

Roƙona biyu ne. Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankolodo da ke nan Maradi ta ba wannan fanni gurbi, ko da da ɗan gajeren horo za a fara. Ku kuma ku gayyato masu wannan aiki su yi wa jama'a bayani da Hausa, su faɗa mana ofishin da mai gari ko direban katafila zai sanar wa a ranar da aka ga irin abin da na gani. Na tsinto tsingaro uku daga wurin, suna nan cikin kwali a ɗakina, kuma zan miƙa su ga wanda ya dace.

Naka,
Wani tsohon malamin tarihi,
Unguwar Zariya, Maradi