Wasiƙa Zuwa Ga Ɗana Nasiru Kan Kartar Da Yake Yi A Waya

Jos, daren Lahadi.

Nasiru,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya. Ya aiki, ya zafin Abuja? Mu nan sanyi ya sauko, har Ummanku ta fito da barguna. Kowa lafiya, alhamdu lillahi.

Ranar da muka yi waya ka ce mini wannan karta da kuke yi a intanet, wadda kuke kira poka, ba caca ba ce, lissafi ce. Ka daɗe kana yi mini bayanin yadda mutum ke auna abin da zai zuba idan kati ya yi masa kyau. Na yi shiru, ka ɗauka ban gane ba. Shekara 31 na yi da alli a hannu ina koyar da lissafi, na gane sarai. Na zauna da takarda na bi maganarka, kuma inda kake da gaskiya zan ba ka gaskiyarka.

A ce 'yan wasa sun zuba naira 1,000 a tsakiya, wanda ya ci shi zai kwashe, saura kati ɗaya a buɗe. Kai ne a gaba, abokin karawarka kuma yana da kati huɗu masu zane iri ɗaya, yana jiran na biyar da zai sa ya fi ka. Kati 9 ne za su cece shi cikin 46 da bai gani ba, wato kusan sau ɗaya cikin biyar. In ka zuba 200 ka yi masa araha, domin zai biya 200 ya nemi 1,200, ko sau ɗaya cikin bakwai ya ci bai faɗi ba. In ka zuba 500, sai ya ci sau ɗaya cikin huɗu kafin ya mayar da uwar kuɗi, ke nan in ya biyo ka shi ya yi kuskure. In kuma zumuɗi ya ɗebe ka ka zuba 3,000, duk mai raunin kati zai ajiye ya kama gabansa, ba mai tsayawa sai wanda ya fi ka. Kamar mai tumatir ne a Farin Gada: kaya ya yi kyau, in ya karyar ya cuci kansa, in ya tsawwala ya kwana da abinsa. Har maganarka cewa kada girman zubi ya tona asirin kati, ita ma daidai ce. Wanda ba ya zuba da yawa sai ya riƙe abin kirki, kwana biyu za a haddace shi.

To amma a rabin allo ka ajiye alli. Bari in ƙarasa maka.

Mafi ƙarfin abin da za a raba maka tun farko shi ne kati biyu masu alamar A, kuma sau ɗaya suke zuwa cikin rabo 221. Ko sun zo, in suka haɗu da mai riƙe da sarakuna biyu, wato kati biyu masu alamar K, kusan sau 82 cikin 100 suke ci. Da kyau, ko? A gasa ba haka take ba, domin wanda 'ya'yan wasansa, wato abin da ake zubawa a madadin kuɗi, suka ƙare ya tashi ke nan, ga kuɗin dole da ake ta ƙarawa lokaci bayan lokaci, ba ya barin mutum ya zauna jira. In sai ka zuba duk abin da ke gabanka sau biyar kafin ka kai teburin ƙarshe, kuma kowane karo kai ne mai 82 ɗin, damar ka tsallake duka biyar kusan 37 ce kawai cikin 100. Ka ninka da kanka ka gani. Wannan fa ba ka yi kuskure ko ɗaya ba. Sannan masu dandalin sun cire nasu tun a ƙofa, kusan kashi goma na kuɗin shiga, waɗanda ake biya kuma ba su cika wuce mutum ɗaya cikin biyar ba, akasarinsu ma ɗan abin da ya ɗara kuɗin shigarsu ne.

Ka kawo mini misalin Ba'amurken nan Chris Moneymaker, akawun da ya samu gurbi ta ƙaramar gasa a intanet, ya je Las Vegas a 2003 ya ci dala miliyan 2.5. An yi haka. Mutum 839 ne suka zauna a gasar, kowace kujera dala 10,000. Sunan mutum nawa ka sani cikin sauran 838?

Abin da ya fi damuna ma ba wannan ba ne. Dubi gwanintar da kake alfahari da ita: ka nemo adadin da zai sa wani ya biya alhali bai kamata ya biya ba. Wane ne wannan wanin? Ba ka ganin fuskarsa, amma ɗan wani ne, wataƙila kuɗin makaranta ya zuba. Ka yi saukar Alƙur'ani a gabana, ka san aya ta 219 a Baƙara ba ta musa cewa akwai ɗan amfani a caca ba, sai ta ce zunubin ya fi amfanin girma. Ka san ta 90 da 91 a Ma'ida. Ban ga inda aka keɓe wadda ake yi da dabara ba.

Akwai abin da ban taɓa gaya muku ba. Ina saurayi na yi karta a wani shago a Gangare, kuma na iya, har ana kirana. Ranar da kekena ya tafi ba mummunan kati na riƙe ba, mafi kyau ne da na taɓa gani, shi ya sa na sa keken. Kakanka, Allah ya jiƙansa, bai dake ni ba, bai zage ni ba. Kullum da safe in zan fita da ƙafa sai ya ce, "Malam, yau ma keken na wurin gyara?" Wata shida yana tambaya. Da ya dake ni da ya fi mini sauƙi.

Yayarka Hadiza ta gaya mini ka karɓi rance a wurinta, ka ce na hayar ɗakinka ne na Kubwa. Kada ka ga laifinta, ni na matsa mata. Ban gaya wa Ummanku ba, kuma ba zan gaya mata ba kafin mu gana.

Tunda ka ce lissafi ne, to mu yi shi. Ka shigo mota ranar Asabar ka taho da wayarka da bayanan asusunka na banki tun daga watan da ka fara. Za mu zauna a zaure ni da kai, mu jera duk abin da ya shiga da duk abin da ya fita, har kuɗin data, ba za mu tsallake ko naira ɗaya ba. Kai za ka riƙe biro. Bashin Hadiza ni zan biya, kai kuma ka biya ni daga albashinka kaɗan-kaɗan.

Ka taho da rigar sanyi, kuma kada ka yi dare a hanya.

Babanka.