Sanarwa: Kulle Lissafin Watannin Baya

Assalamu alaikum ƴan uwa. Daga yanzu, duk watan da aka rufe lissafinsa a takardar adashinmu ta Google Sheets, ma'aji zai kulle layukansa.

Ma'aji, a kwamfuta za ka yi, manhajar waya ba ta da wurin kullewa. Ka zaɓi layukan watan da ya wuce, misali A2 zuwa F40, ka shiga Data, ka danna Protect sheets and ranges, sannan Set permissions. Ka zaɓi Restrict who can edit this range, ka bar Only you. Kada ka zaɓi ɗaya zaɓin, wato na gargaɗi (Show a warning when editing this range), domin gargaɗi kawai yake yi, mutum ya danna OK ya goge abinsa.

Inda aka fi tuntuɓe: kullen ba ya bin sababbin layuka. Wata ya ƙare, sai a koma Protect sheets and ranges a mayar da F40 zuwa layin ƙarshe, misali F80, in ba haka ba na wannan watan yana nan a buɗe.

Masu shigar da kuɗi, a ƙasa za ku riƙa rubutawa. Wanda ya ga kuskure a tsohon layi ya faɗa wa ma'aji. Abin da aka riga aka goge kuma, ana dawo da shi ta File, Version history.