Amsa Ga Malamin Da Ya Tambayi Wa Ke Biyana In Yabi Gumakan Girkawa

Assalamu alaikum Malam,

Tambayarka ta iso ni kamar yadda ta iso duk wanda ya saurari shirin da ka yi magana a ciki. Cewa ka yi: malamin da aka danƙa wa 'ya'yan Musulmi, me ya kai shi rubutu a kan gumakan Girkawa, har yana kiran a mayar da su Atina, kuma wa ke biyansa? Sannan ka ƙara da cewa ba don mutanen Ingila sun kwashe su ba, da tuni sun zama tsakuwa. Tunda a bainar jama'a ka tambaya, a bainar jama'a zan amsa.

Ba wanda ke biyana. Kai ma ka san haka, kuma wannan ne ya fi yi mini ciwo. Ka san gidana, ka san inda nake koyarwa, kana da lambar wayata. Da neman sani kake yi, da ka kira ni. Ka zaɓi ka jefa kalmar a gaban dubban mutane domin ka san a ƙasar nan da zarar an ce "an saye shi", ba a ƙara sauraren hujjar mutum. Ɗaliban da suka bi ta hannuna suna nan da ransu, a tambaye su ko akwai ranar da na kira su ga wani abu da ya saɓa wa addininsu.

Bari mu zo kan abin da kake kira gumaka, domin daga maganarka na gane ba ka tsaya ka dube shi ba.

Haikalin Partenon yana kan dutsen Akrofolis a birnin Atina. An fara gina shi a shekara ta 447 kafin haihuwar Annabi Isa Alaihissalam, zamanin Ferikilis, jagoran birnin, aka gama a 432, kuma Fidiyas ne ya jagoranci aikin sassaƙarsa. Abin da na yi rubutu a kai shi ne ɗamarar sassaƙa da ta zagaye saman bangon ɗakin ciki, a bayan ginshiƙai. Tsawonta mita 160, tsayinta kimanin mita ɗaya, an yi ta da farin dutsen mabul da aka saro daga tsaunin Fentelikon. Ba na musun cewa gidan bautar allahiyarsu Atena ne, kuma a gefen gabas akwai siffofin allolinsu goma sha biyu zaune a kan kujeru. Amma mafi yawan abin da ke jikin dutsen nan mutanen gari ne a ranar bikinsu: samari a kan dawaki, karusai, dattawa, masu busa, 'yan mata riƙe da kwanukan hadaya, shanu da tumaki ana kora su. Akasarin masana sun tafi a kan cewa jerin gwanon babban bikin birnin ne, wanda ake yi duk bayan shekara huɗu, inda ake kai wa Atena sabon mayafi da aka saƙa.

Ka dubi gefen yamma, inda tafiyar ta fara. Ba a ma hau ba tukuna. Wani saurayi ya ɗora ƙafa a kan dutse yana ɗaure takalminsa, wani yana fama da dokin da ya yi tsaye da ƙafa biyu. Da an karya kwana zuwa arewa sai sukuwa ta kankama, doki na shiga jikin doki, sahu bisa sahu, ba sirdi ba likkafa, jijiyoyin cikin dawakin a bayyane. Duk wannan cunkoson an fitar da shi ne a zurfin da bai wuce santimita 6 ba. Masassaƙan sun san daga ƙasa za a kalli aikin, daga nisan kusan mita 12, don haka suka zurfafa saman fiye da ƙasan domin siffofin su ɗan sunkuyo wa mai kallo. Har yanzu ana ganin ƙananan hudojin da aka saka linzaman tagulla, kuma a da akwai fenti a jiki. Can gaba tafiyar ta lafa: samari uku sun ɗora tuluna a kafaɗa, na huɗu ya durƙusa zai ɗaga nasa. A gefen kudu wata karsana ta ɗaga kai sama tana turjiya, mai riƙe da ita yana ja. Duk wanda ya taɓa tsayawa ya kalli hawan Sallah tun daga shirin mahaya har isowa ƙofar fada, ba sai an yi masa bayanin abin da ke gudana a dutsen nan ba, kuma zai gane cewa wanda ya ga rabin hawan bai ga hawa ba.

Hujjata ke nan tun farko, ba wata ba. Aiki ɗaya ne, tafiya ɗaya ce da ta tashi daga kusurwar kudu maso yamma, ta rabu biyu, ta sake haɗuwa a saman ƙofar gabas. Yau kusan mita 75 suna Gidan Tarihin Birtaniya a Landan, kusan mita 50 suna Atina, wani yanki yana Faris. Wurin naɗe mayafin, wanda shi ne ƙarshen tafiyar gaba ɗaya, yana Landan, samarin masu tuluna suna Atina. Su ma allolin nan goma sha biyu an raba zamansu tsakanin biranen biyu.

Da yake da sunan addini ka zo mini, ga abin da ya kamata ka sani. Bayan Turkawan Daular Usmaniyya sun karɓi Akrofolis a 1458, an mayar da ginin nan masallaci, har da hasumiya. Fiye da shekara 200 Musulmi suna salla a ciki, ɗamarar sassaƙar tana nan a saman bango. Matafiyin nan Baturke, Evliya Celebi, ya je a 1667 ya yaba ginin matuƙa. Abin da ya tarwatsa shi harsashin igwa ne na rundunar Benis, birnin da ke Italiya a yau, ƙarƙashin kwamandanta Morosini, wanda ya faɗa kan albarushin da aka ajiye a ciki a watan Satumba na 1687. Limamai da alƙalan da suka zauna a garin tsawon wannan zamani ba su fi mu ƙarancin kishin tauhidi ba. Kuma mu aka umarta mu yi tafiya a bayan ƙasa mu dubi yadda ƙarshen waɗanda suka gabace mu ya kasance. Ba a duba abin da aka ƙi sani.

Batun cewa Ingila ce ta cece su, ba zan daɗe a kai ba. Gaskiya ne waɗanda suka rage a jikin ginin sun sha ruwa da hayaƙin birni kafin a sauke su. Amma ma'aikatan Elgin, jakadan Birtaniya a Istanbul, waɗanda suka fara aiki a 1801, zarto suka sa suna yanke bayan duwatsun domin rage nauyi. Jirgin ruwan da ya ɗauki wani kaso ya nutse kusa da tsibirin Kitira a 1802, sai da masu ninƙaya suka tsamo su. Takardar izinin hukumomin Usmaniyya da ake kafa hujja da ita ba a samu asalinta ba, fassarar Italiyanci ce kawai ke hannu. A 1816 Elgin ya sayar da su ga gwamnatin Birtaniya a kan fam 35,000. Daga baya, tsakanin 1937 da 1938, a cikin gidan tarihin aka kankare fuskar wasu da ƙarafan jan ƙarfe domin su ƙara fari. Tun 2009 kuwa Atina tana da sabon gidan tarihi a gindin Akrofolis, da zaure mai girman haikalin daidai, an jera na asali, an cike gurbin na Landan da kwafin farar ƙasa. Falermo ta ƙasar Italiya ta mayar da guntun da ke hannunta a 2022, Fadar Batikan ta mayar da guda uku a 2023.

Ka tambayi me ya haɗa mu da rigimar Turawa. Gidan da ke riƙe da waɗannan duwatsu shi ne ke riƙe da ɗaruruwan tagullar Bini da sojojin Birtaniya suka kwaso a 1897, kuma dokar 1963 da ta hana gidan tarihin rabuwa da kayansa, wadda ake fakewa da ita a hana Girkawa, ita ake karanta wa 'yan Nijeriya. Maganar da ka yi a rediyo, cewa masu abu ba za su iya riƙe abinsu ba, ita ce ainihin maganar da aka shekara da shekaru ana faɗa a kanmu. Ban yi zaton zan ji ta daga bakin ɗan'uwana da Hausa ba.

Abin da ke damuna ya ma wuce kai da ni. Ganuwar Kano tana zaizayewa, ana gini a kanta. Kayan Nok, tsofaffin siffofin yumbu, an daɗe ana haƙe su ana fitar da su a ɓoye. Rubuce-rubucen kakanninmu na ajami gara na cin su a akwatuna. Duk yaron da ya nuna sha'awar koyon yadda ake nazarin tsohon abu da adana shi, sai a samu babba irinka ya tsorata shi da zargin bautar gumaka ko cin kuɗin Turawa, sai ya janye. In an kore su duka, wa zai tsare mana namu?

Ka girme ni, Malam, kuma ban manta da haka ba. Kana da 'yancin ƙin ra'ayina game da inda ya dace duwatsun nan su zauna, akwai masana a Ingila da ke tare da kai, kuma a shirye nake mu zauna gaban jama'a mu baje hujjoji. Amma zancen biya, ko ka kawo sunan wanda ya biya ni da abin da ya ba ni, ko ka janye shi a cikin shirin da ka faɗe shi.

Wassalam.