Sanarwa kan tambayar da aka turo mini a ɓoye

Assalamu alaikum ƴan uwa. Wani daga cikinmu ya turo tambaya, ya roƙi a sakaya sunansa: shin ana ɗaukar ƙanjamau ta saduwa da baki? Iyayenmu na wannan rukuni, a yi mana afuwa, maganar lafiya ce.

Haɗarin kaɗan ne ƙwarai, nesa ba kusa ba da na saduwar al'aura. Miyau kaɗai ba ya yaɗa cutar. Inda ake jin tsoro shi ne in akwai gyambo a baki, ko dasashi yana jini, kamar wanda ya ga ja a asuwakinsa da safe. Amma ciwon sanyi da tunjere kam suna bi ta baki cikin sauƙi, wani lokacin ba wata alama a maƙogwaro.

Wanda hankalinsa bai kwanta ba ya je Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo (UDUTH) ko Asibitin Ƙwararru na Sakkwato. Ɗigon jini ne daga yatsa. In gwajin farko ya fito lafiya, a maimaita bayan kwana 90, don cutar kan ɗauki lokaci kafin ta bayyana. In ba a wuce awa 72 da yin saduwar ba, a nemi maganin kariya na PEP, ana shansa kwana 28.

Don Allah kada a fara cankar wanda ya tambaya.