A kashe Print Spooler a inda ba a buga takarda

Assalamu alaikum, Edita.

Ka ba mu fili mu ja hankalin masu kula da kwamfutocin ofisoshi da shagunan buga takardu kan ɓarakar tsaro da aka yi wa laƙabi da PrintNightmare, mai lamba CVE-2021-34527, wadda ta bayyana a Windows a 2021.

Manhajar Print Spooler, wato spoolsv.exe, wadda ke kula da aikin buga takarda a Windows, tana aiki da ikon SYSTEM, wanda ya fi na kowane mai asusu. Kuskurenta a lokacin shi ne ba ta tantance wanda ya nemi girka direban firinta (manhajar da ke haɗa firinta da kwamfuta) yadda ya kamata. Sai mai ƙaramin asusu ya miƙa mata fayil ɗin DLL (wani nau'in fayil ɗin manhaja) na mugunta da sunan direba, ita kuma ta ɗora shi da cikakken iko. Daga nan zai iya buɗe wa kansa asusun admin. Idan a kan domain controller ne, wato babbar kwamfutar da ke kula da asusun kowa a ofis, ofishin gaba ɗaya ya shiga hannunsa.

Microsoft ya fitar da gyara ranar 6 ga Yuli 2021, amma gyaran ba ya tsare komai idan NoWarningNoElevationOnInstall yana kan 1 a rajista, wato ma'ajiyar saitunan Windows, a ƙarƙashin PointAndPrint. A mayar da shi 0. RestrictDriverInstallationToAdministrators kuwa, wanda ke hana kowa girka direba sai admin, a bar shi a kan 1, ko da ma'aikata sun yi ƙorafi. Za su yi, tabbas.

Sabar (babbar kwamfuta) da ba ta bugawa, a kashe mata Print Spooler: a buɗe PowerShell, wato manhajar rubuta umarni, a rubuta Stop-Service Spooler -Force, sannan Set-Service Spooler -StartupType Disabled. Windows na sata da aka toshe wa sabuntawa kuwa, ƙofarsa a buɗe take har yau.

Wassalam,
Masu kula da tsaron kwamfuta, Kano